Famfon Baƙo

Gangar giyar Losaline ta kusa mako guda a ɗakin sanyinmu, amma duk safiya idan na jijjiga ta nauyinta na nan kamar ranar da aka sauke ta daga mota.

Gidajen giya na kamfanin Tollard biyar ne a tsibirin Tasmania, namu na Burnie shi ne ƙaraminsu. Kowane reshe yana da famfo guda a ƙarshen kanta da ake kira famfon baƙo, ana ba ƙananan masu dafa giya su gwada sa'arsu a kai. Idan ganga ta ƙare cikin mako biyu, mai ita ya samu shiga sauran rassan. Idan ta yi saura, motar ranar Litinin ta kwashe ta a je a zubar. A reshen Hobart, babban birni, ganga ba ta daɗewa. A wurinmu kuwa an mayar da uku a jere kusan cike, har hedikwata ta gaya wa manajarmu Noelene cewa wannan ce ta ƙarshe. In ta koma da saura, za a cire famfon a sa giyar babban kamfani irin wadda ke sauran famfunan.

Losaline ƙawata ce tun jami'a. Ni na karanta tarihi na dawo gida ina wanke tambulan, ita kuma ta shiga tsohon rumbun tuffa na kawunta ta kafa tukwane. A watan Maris, lokacin girbin hop, furen nan mai ɗaci da ke ba giya ƙamshi, tare muka je gona muka cika buhuna da ɗanyensa, muka koma muka zuba a tukunya tun bai yi yaushi ba. Giyar ta fito da ƙamshin ciyawar da aka yanka da ɓawon lemun tsami. Ta sa mata suna Mele, sunan kakarta da ke Tonga. Sau ɗaya ake iya yin irinta a shekara, kuma wannan ce gangarta ta farko a kowace mashaya.

Dabarar da hedikwata ta aiko mana ita ce ɗanɗano kyauta a 'yan ƙananan kofunan roba. Noelene ta jera su a faranti ta miƙo mini.

"Teburin taga za ki fara. In suka sha, kowa zai sha."

Mutum biyar ne a teburin taga, kullum su ne. Akwai Clarrie, tsohon direban ƙugiyar loda kaya a tashar jiragen ruwa, da Dougal mai tuƙa motar katako, da Thanh masunci, sai 'yan'uwa biyu 'yan gidan Radford da ba su cika magana ba. Ni kuwa ko a aji ban taɓa ɗaga hannu ba. Na isa wurinsu na miƙa farantin.

Dougal ya leƙa kofunan. "Farfesa, maganin tari aka fara rabawa?"

"Sabuwar giya ce. Kyauta ce."

Clarrie ya tura farantin baya a hankali da yatsa ɗaya. "Mun gode, 'yar nan. Ba ma shan abin da ba za mu rama ba."

Na koma bayan kanta da farantin. A ranar babu wanda ya taɓa kofi ko ɗaya, don samarin tashar da ke sauran tebura sai sun dubi teburin taga kafin su san abin da suke so.

Maganar Clarrie ta tsaya mini. Washegari na bar kallon famfo na koma kallon su. Da la'asar suke zuwa. Ɗaya ya tashi ya zo kanta ya ce "A sake," Noelene ta cika tambulan biyar, ya biya ya ɗauka. In sun shanye, na kusa da shi ya tashi. In lokacin tafiya gida ya yi, zagayen ya tsaya inda yake, gobe a ɗora daga kan wanda layi ya zo. Duk garin haka ake yi, da shi na tashi. Abin da ban taɓa lura da shi ba shi ne, babu wanda ke kiran sunan giya. "A sake" kawai. Wani ne ya zaɓa musu shekaru da yawa da suka wuce, wataƙila ma ya rasu, su kuma suna ta sakewa. Ba su ƙi Mele ba. Ba ta da ƙofar shiga ne, tunda duk abin da ke sauka a teburin nan sai ta hannun mai juyi, wato wanda layin saye ya zo kansa.

Na samu Noelene tana yanka lemun tsami.

"Ina so ki mayar da ni aikin safe har zuwa Lahadi."

"Wankin bututun famfo da karɓar kaya? Ke da kike tsanar sammako?"

"Ina so in tashi kafin su zo. Zan shiga zagayensu."

Ta ajiye wuƙar ta dube ni. "Tamsin, ke da ko 'sannu' sai an matso da kunne ake ji?"

"Na sani."

"Mace ta ƙarshe da ta zauna a teburin nan matar Clarrie ce, ita ma kunnensa ta zo ja." Ta ɗauki wuƙar ta ci gaba. "To. Amma ki ci abinci tukuna. Kuma a ƙasa za ki tafi gida, ki bar mini makullin motarki."

Ranar Talata na cire rigar aiki, na cika cikina da soyayyen dankali, na ja kujera daga teburin da ke kusa na kai ta teburin taga. Ƙarar kujerar a kan katako ta sa rabin ɗakin ya waiwayo. Na zauna tsakanin Thanh da Clarrie.

"An kore ki ne?" in ji Dougal.

"Na tashi aiki. Zan saya muku."

"A'a," Clarrie ya ce. "Ba a tsallake layi. Wanda ya zauna sai an saya masa tukuna. Juyin Thanh ne, daga shi sai a zagaya, ke ce ta ƙarshe. Kuma wanda aka saya wa ba ya gudu kafin nasa ya zo."

"Ba zan gudu ba."

"Za mu gani," in ji Dougal.

Thanh ya tashi. Na ji shi a kanta yana cewa, "A sake. Shida."

Giyar kamfani ce, sanyi kawai gare ta. Na sha a hankali ina sauraron hirarsu a kan ƙwallo, da gwiwar Clarrie, da wani kifi da Thanh ya rantse ya kai tsawon ƙofa. Babu wanda ya tambaye ni komai, hakan ya yi mini daɗi. Da suka tashi layi bai zo kaina ba. Na taka zuwa gida ta bakin teku, iska na dukan fuskata, na kira Losaline.

"Saura nawa?" ta tambaya.

"Da yawa."

"Ki bari kawai, Tam. Zan koma cika kwalabe ina kaiwa kasuwar Asabar. Ba mutuwa ba ce."

Muryarta ce ta nuna mini ba haka take ji ba. Na ce mata ta jira ni.

Ranar Laraba layi ya zo kaina. Na tashi na nufi kanta. Noelene ta riga ta kama famfon kullum.

"Mele," na ce. "Shida."

"Ban ji ba," in ji ta, alhali ta ji.

"Mele. Shida."

Wannan karon har samarin tashar sun ji. Na ɗauko tambulan uku-uku na jera. Launinta ya fi na tasu duhu kaɗan, kumfarta ta tsaya a sama kamar hula.

Dougal ya dubi Clarrie. "Wannan ya halatta?"

"Mai saye shi ke zaɓe," Clarrie ya ce. "Haka take tun asali. Mun dai daina amfani da ita ne."

"To in ban sha ba fa?"

"Sai a ce Dougal ya ƙi juyin yarinya. Ni ba zan so a faɗi haka a kaina ba."

Suka sha. Babban Radford ya shanye nasa tas. Thanh ya shinshina, ya kurɓa, ya sake shinshinawa. Dougal ya yamutsa fuska.

"Kamar na lashi injin yankan ciyawa."

"Ka taɓa lasa ke nan," in ji Thanh.

Bayan ni layi ya koma kan Thanh, amma sun riga sun miƙe za su tafi. Washegari na sake zuwa. Thanh ya je kanta, ya tsaya, ya waiwayo ya dubi Dougal, sannan ya nuna famfon kullum. Wanda ya biyo shi ma haka. Da layi ya zo kan Dougal sai da ya kira sunan giyar kamfanin da ƙarfi, yana kallona.

"Mun dawo gida, Farfesa. Kin biya naki, kina iya tafiya babu kunya."

Na so in tafi. Kaina na ciwo tun safe, ga wankin bututu yana jirana gobe. Amma na lura da abu guda: yanzu sai sun nuna famfo ko sun kira suna. "A sake" ta daina isa. Na gyara zama na jawo tambulan ɗina.

"Ina nan. Layi zai sake zuwa."

Clarrie ya yi 'yar dariya ta hanci. "Kun ji ko? Mun samo wa kanmu."

Ranar Juma'a ake cacar nama, inda ake sayen tikiti, wanda lambarsa ta fito ya tafi da farantin nama. Ɗakin ya cika da mata da miji da samarin tashar. Layi ya zo kaina a daidai lokacin da ake kiran lamba. Na sayi Mele shida na ratsa tsakiyar mutane da su, ba don gwaninta ba, babu wata hanyar ce. Wani saurayi mai rigar lemu ya bi tambulan da ido har teburin taga, ya ga Clarrie ya kai baki. Can na ji shi a kanta yana cewa, "Ba ni irin ta su tsoho." Abokansa huɗu ne, kuma juyinsa ne.

Da layi ya zo kan Thanh sai ya daɗe a kanta. Ya dawo da uku masu haske, uku masu duhu.

"Wannan kuma wane irin zagaye ne?" in ji Dougal.

"Nawa. Ni da Farfesa da Clarrie ciyawa muke so. Kai ga ruwan wankinka nan."

"Ka raba tebur, Thanh."

"Tebur na nan. Ka taɓa shi ka ji."

Ranar Asabar da safe na jijjiga gangar, ta motsa a hannuna, na ji giyar tana kaɗawa can ƙasa. Ta yi sauƙi, amma ba ta ƙare ba. Ban gaya wa Losaline ba, na ce mata dai ta zo ranar Lahadi da rana.

Ta zo da rigar zuwa coci, ta zauna a ƙarshen kanta kusa da famfon, ta ƙi shan komai. Ranar Lahadi ba a cika ba, iyalai ne masu cin gasasshen nama da 'yan tsirarun masu kallon ƙwallo. Noelene na zuba Mele jefi-jefi, famfon kuma yana ta bayarwa kamar ba shi da niyyar tsayawa. Da la'asar na duba layi na ga ba zai zo kaina ba kafin a tashi. 'Yan'uwan nan biyu suka yi nasu, rabi da rabi kamar yadda Thanh ya fara. Saura Dougal.

Ya miƙe yana gyara wando. Ya dubi Losaline.

"Ke ce mai ciyawar?"

"Ni ce."

"Wace ce Mele?"

"Kakata."

"Tana sha?"

"Ko kusa. In ta ji na sa sunanta a giya sai ta biyo jirgi ta zo ta zane ni."

Dougal ya yi dariya har da tari. Ya juya wurin Noelene. Na ga yatsansa ya nufi famfon kullum, sannan ya sauke hannun.

"Kai, na gaji da nune-nune. A sake. Duk abin da ke gaban Clarrie."

Abin da ke gaban Clarrie mai duhu ne. Noelene ta cika na farko, da na biyu, har na biyar. A na shida famfon ya yi tari, ya tofar da kumfa, ya yi shiru. Tambulan ɗin ko rabi bai kai ba. Noelene ta ja hannun famfon sau biyu, iska kawai ta fito.

Losaline ta sa hannu biyu ta rufe fuskarta.

"Na wane ne rabin?" Noelene ta tambaya.

"Na mai saye," Clarrie ya ce daga teburi. "Shi ke ɗaukar na ƙarshe."

Dougal ya ɗaga tambulan ɗin ya duba shi a hasken taga. "Wannan wace irin mashaya ce? Mutum ya fara sabawa da abu sai a ce ya ƙare." Ya juya ga Losaline. "Yaushe za ki kawo wata?"

"Irin wannan sai baɗi," ta ce. "Amma ina da wata baƙa a tukunya."

"Baƙa kuma. Allah ya kyauta."

Ya kwaso tambulan ya raba. Na yi niyyar in shanye nawa in yi musu sallama, in koma aikin yamma da kujerata ta bayan kanta inda ba mai kallona. Na fara cewa na gode, sai Clarrie ya ɗaga hannu.

"Ina za ki? Gobe ni ne, daga ni sai ke. Ba a barin zagaye da juyi a kai."

Na ce masa zan zo. Sannan na tashi na shiga ɗakin sanyi, na kwance gangar, na ɗauko ta da hannu ɗaya na kai bakin ƙofar baya inda motar Litinin ke tsayawa.