Takalman da Dinkar Ya Bari a Bakin Ƙofa

Tun ranar da aka ƙone gawar Dinkar, matarsa Kusum ba ta ji komai ba. Ba jarumta take yi ba. Ta zauna jiran kuka kamar mai jiran motar haya, da bai zo ba ta tashi ta kama harkokinta. Takan dafa shayi ta shanye ba ta san ko ta sa sukari ba. Matan benensu su shigo su rungume ta, su jiƙa mata kafaɗa da hawaye, ita kuwa idonta na kan fanka tana tunanin ta yi ƙura. Mu nan birnin Pune ba ma barin irin wannan ya wuce ba mu tofa ba. Wasu suka ce mace ce mai haƙuri, wasu suka ce dama can ba wani son sa take yi ba. Duk ta ji, ko a jikinta.

Dinkar tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, kuma tun da ya ajiye aiki dutsen Kailash ya shige masa rai. Ya ce ba zai mutu ba sai ya zagaya wannan dutse, gidan abin bautarsa Mahadev, da ƙafarsa. Ya sa sunansa da na Kusum a wajen Tambe, mai kai mutane can duk shekara ta hanyar Nepal. Ya miƙa fasfo ɗinsu, ya ja ta wajen likita aka auna musu zuciya da numfashi, ya cika gida da rigunan sanyi a garin da zafi ke neman kashe mutane. Bai tambaye ta ko tana so ba. Ita ma ba ta ce ba ta so ba, haka aurensu ya saba tafiya.

Shi Tambe doka ɗaya gare shi da ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: ba mai bin sa da sabon takalmi. A sayi takalmin hawan dutse tun da sauran watanni, a riƙa hawa tudun Parvati da ke nan cikin gari da shi kullum safiya har ya yi laushi ya san ƙafar mai shi. Dinkar kuwa irin mutanen nan ne da in an ba su doka sukan riƙe ta fiye da wanda ya kafa ta. Kullum da sassafe yana kan matakalar Parvati, jakar shinkafa a bayansa, Kusum na biye da silifas. Nata takalman suna cikin kwali, ko takardar ciki ba a cire ba.

"Aho, ƙafata ba ta saba da kurkuku ba," in ji ta. Da "Aho" take kiran sa, sunansa bai taɓa zama abin faɗa a bakinta ba.

"Za ki yi bayani in kika kai kan ƙanƙara," in ji shi.

Wata safiya suka dawo, ya cire takalmansa ya jera su a bakin ƙofa, ya zauna a kujera ya ce ta ba shi ruwa. Kafin ta kawo ya tafi.

Ɗansu Sudhir ya zo daga Bengaluru aka yi duk abin da ake yi. Ranar sadaka, guruji, mai yi wa gidansu addu'o'i, ya maimaita abin da kowa ya sani: mamaci tafiyar shekara guda ce a gabansa, a ƙasa, kan hanya mai duwatsu da ƙaya, ba inuwa ba ruwa. Shi ya sa ake ba da lema da tulun ruwa da takalmi, abin da aka bayar a nan shi ke isa gare shi can. Kuma ba a sadaka da tsohon abu. Sudhir ya ruga Titin Lakshmi ya sayo takalmi mai sheƙi, mai tauri kamar katako, don kada a ce ya yi wa ubansa rowa. Aka ce Kusum ta taɓa, ta taɓa. Aka miƙa wa guruji, shi ke nan.

Takalman Dinkar suka ci gaba da zama a bakin ƙofa. Tana share gefensu ta bar su.

Ana nan sai Sudhir ya bugo waya. Aai yake ce mata, wato Inna.

"Aai, Tambe ya neme ni. Gobe zai tura fasfo ɗin mutanensa neman izinin shiga, wanda ba a tura nasa ba ya fita daga tafiyar bana. Ki je kan Parvati da safe ki karɓo naku."

"To."

"Takalman nan kuma, naki da na Baba, ki tafi da su, wani a cikin matafiyan zai so. Kina ji na?"

"Ina ji."

"Kin ci abinci?"

Ta duba tukunya don ta san amsar da za ta ba shi.

Da safe ta ɗauko jakar cefane. Takalman Dinkar kaɗai suka cika ta, ba wurin nata. Ta tsaya tana kallon kwalin, sannan ta ga hanya mafi sauƙi ita ce ta sa su a ƙafa, in ta kai sama ta cire ta ba da. Ta tura silifas ɗinta a gefen jaka ta fita.

A gindin tudun ta ci karo da Nirmala-tai, wata tsohuwar malamar makaranta da ke cikin matafiyan, mace mai baki kamar rediyo. Tai kowa ke ce mata, wato Yaya.

"Kusum! Ke ce? Yau kuma takalmi aka sa? Mijinki ya yi ta fama da ke kin ƙi, sai yanzu?" Sai ta tuna, ta dafe baki. "Kai, wannan bakin nawa. Ki yafe ni."

"Ba komai, Tai."

Da gaske ba komai ɗin. Suka kama hawa. Nirmala-tai na haki tana ba ta labarin wanda likita ya kayar, da wadda surukarta ta ɓoye mata fasfo, da yadda za a soya garin guzuri kada ya lalace. Kusum na cewa "uhm". Wajen tsakiyar hawan ta ji wani abu na gogar ta a dunduniya. Ta ci gaba. Gaba kaɗan abin ya zama zafi, zafin ya zama wuta, har ta fara ɗingishi. Ta yi mamakinsa ƙwarai, don ta manta yadda ake jin abu.

A can sama, daidai inda ake cire takalmi kafin a shiga haikali, nan Tambe ke kafa kotunsa. Ɗan siririn mutum ne, rana da sanyi sun ƙone masa fuska. Yana zaune a kan dakali, jakar fasfo a cinyarsa, duk wanda ya cire takalmi sai ya miƙo masa. Ya lanƙwasa shi, ya duba ƙasansa, wani lokaci har ya shinshina. Suna isa suka tarar yana wanke wani mai tumbi, Apte.

"Malam Apte, wannan takalmin ya taɓa ganin Parvati kuwa?"

"Kullum!"

"Kullum a mota? Dubi ƙasansa, ko harshena ya fi shi datti. Kana tsammanin Mahadev zai aiko maka da lif irin na hawa bene?"

"Ai na ji akwai doki."

"Dokin ma da ya gan ka zai nemi takardar likita."

Aka kwashe da dariya, har Apte. Sai idon Tambe ya faɗa kan Kusum, dariyar ta ɗauke. Ya miƙe ya haɗa hannu. Shi da Dinkar sun shaƙu, don haka Vahini yake ce mata, matar yaya.

"Vahini, da kin bari na kawo miki gida. Zauna."

Ta zauna ta kwance igiya. Da ta zare takalmin dama, safar ta manne da fata, ta yi ja. Nirmala-tai ta ja numfashi ta shiga laluben filasta a jakarta. Tambe kuwa, da aikinsa ya riga ya zame masa jiki, bai san sanda ya ɗauki takalmin ya lanƙwasa ba. Takalmin ko motsi bai yi ba.

"Haba, Vahini. Wa ke doguwar tafiya da sabon takalmi? Ɗan tudun nan kaɗai kin ga yadda ya yi miki. Da kwana da kwanaki ne fa?"

Kusum ta dubi dunduniyarta. Ta daɗe tana dubawa. Sannan ta dubi jakar cefanen da ke gefenta, inda takalman Dinkar suka leƙo, sun yi laushi, sun karkace ta gefen da yake taka ƙasa.

"Tambe," ta ce. "Sabo muka ba shi."

"Wa?"

"Shi. Ranar sadaka. Sabo fil, daga shago. Ko gwadawa ba a yi ba." Muryarta ba ta canza ba, kamar mai faɗin farashin tumatir. "Tun sannan yake tafiya da shi. Nasa kuwa yana bakin ƙofa ina share gefensa."

 Apte ya sunkuyar da kai yana wasa da igiyar takalminsa.

"Haka ake yi, Kusum," in ji Nirmala-tai a hankali. "Kowa sabo yake bayarwa."

"Kowa ba shi ba ne. Shi ya san doka."

Tambe ya buɗe jakarsa ya zaro fasfo biyu, don bai san me zai yi da hannunsa ba. Ya ajiye su a kan dakalin tsakaninsu.

"Maigidana ya taɓa ce mini akwai wani wuri a can Kailash," in ji Kusum, "kafin a kai ƙololuwar hanya, inda mutane ke barin kayansu."

"Akwai. Wani ya bar riga, wani gashin kansa. Wasu na waɗanda suka rasu suke kaiwa."

"Takalmi fa?"

"Ban taɓa ganin an hana ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Vahini, ki ji ni. Wurin nan ba Parvati ba ne. Iska ba ta isar mutum, ƙato ma sai ya zauna ya yi kuka. Ga ƙafarki, ga Sudhir zai cinye ni ɗanye."

"Kuma shekarar makoki ba ta cika ba," in ji Nirmala-tai. "Mutane za su yi magana. Ki bari baɗi, mu ma ma sake raka ki."

"Kafin baɗi ai shi ya riga ya isa inda za shi, Tai. A haka, da sabon takalmi."

Ta ɗauki fasfon Dinkar ta sa cikin jaka kusa da takalmansa. Nata ta tura shi gaban Tambe da yatsa ɗaya.

"Ba wata tafiya da ta riga taku?"

"Babu. Sai ƙanƙara ta buɗe hanya."

"To ka tura."

Tambe ya dubi fasfon, ya dubi takalmin da ke hannunsa, mai tauri kamar ranar da aka saye shi. Shekara da shekaru bai taɓa karya dokarsa ba, kuma ba yau zai fara ba.

"Zan tura. Amma kullum safiya ina nan. Ranar da ban gan ki da takalmin nan ba, na cire sunanki."

Ta karɓi filastar Nirmala-tai ta manna, ta mayar da ƙafar cikin takalmin, ta ɗaure igiya tamau. Silifas ɗin na nan a gefen jaka, ba ta ko kalle su ba. Ba ta shiga haikali ba. Ta rungumi jakar a ƙirji ta kama gangara, kowane taku na cizon ta, tana ji, tana kuma so ta ji.

Sai da ta yi nisa, inda ba mai jin ta, idonta ya cika har matakalar ta dushe. Ta tsaya ta dafa bango.

"Aho," ta ce. "Ka samu wuri ka zauna mana. Ka cire shi ka huta. Ga ni nan zan kawo maka naka."