Tayin da Na Yi wa Hushang

"Ajiye butar nan, hannunka rawa yake," na ce wa Hushang.

"Hannun da ya tsufa yana ɗinke ɓarnarka? Sha shayinka, tsohon ɗan dako."

Haka muke da shi. Ni Hinrich, a tashar jiragen ruwa ta Hamburg na ƙarar da ƙarfina wajen sauke dardumomin Iran. Shi kuma yana gyara waɗanda ƙugiyata ta yaga. Ƙofarsa na kallon tawa.

Da gwamnatinmu da tasu suka ɓata, kaya suka ja baya, aka rufe ƙaramin ofishin jakadancinsu na garinmu. Ana cikin haka likita ya gaya masa ciwon huhunsa ba na tashi ba ne. Buri ɗaya ya rage masa: ya koma Kashan, garinsu a Iran, a binne shi kusa da mahaifiyarsa. Amma wa'adin fasfonsa ya ƙare, kuma sabunta shi sai ya je babban ofishin jakadancinsu na Berlin da kansa. Jirgin ƙasa ya fi ƙarfinsa.

"Ga mota a ƙasa," na ce. "Jibi in kai ka."

Ya dafa ƙirji. "Haba Hinrich, ina ni ina ɗora maka wahala? Bar shi kawai."

"To."

Na shanye shayina na fita. A wurinmu in mutum ya ce a'a, magana ta ƙare.

Bai sake tayar da zancen ba, ni ma haka. Sanyi ya shigo, ya daina saukowa daga bene.

Washegarin rasuwarsa 'yarsa Golnar ta iso daga Kanada. A matakala ta tare ni.

"Baffa, ya ce min a waya za ka kai shi Berlin. Har kwat ɗinsa ya sa aka goge. Me ya hana?"

"Shi ya ce a'a."

"Mu ai ba ma karɓar tayin farko, Baffa. Rashin kunya ne. Sai an nace. Jira yake ka sake yi masa magana."

"Da sai ya buɗe baki. Shekara talatin muna tare."

"Shi ya sa ya ɗauka ka sani."



A nan Hamburg muka binne shi, a ɓangaren Musulmi na maƙabarta. Golnar ta zuba ruwan wardi a kan kabarin, yadda suke yi a can. Ana yayyafi. Kafin in mayar da hulata, ƙamshin ya tafi.