Fitila Mai Jan Tef

Sati takwas Waltraud Pichler, ma'aikaciyar ɗakin gwaji, ta yi tana ɗora wa ɓeraye arba'in tsinin fitilar leza a ƙasan gwiwa, daidai gurbin da masu maganin Sin suke soka allura. Duk Juma'a ta ɗebi jini a wutsiyarsu. Fitilun biyu ne, mai jan tef da mai shuɗi, ɗaya ta gaske, ɗaya ta bogi, hasken kuma ido ba ya ganinsa. Dokar aikin, mai riƙe ɓera kada ya san wacce ce wacce. Dokta Severin Kogler kaɗai ya sani, shugaban binciken, wanda suka shekara goma sha ɗaya suna shan kofi tare, har yana kiranta Traudl.

A sati na uku jar ta suɓuce mata ta faɗi, murfin ya fita. Wayam, ko waya babu a ciki. Ta je ta gaya wa Severin.

"Haba Traudl, sai ka ce kin yi kisan kai! Mayar da murfin ki ja bakinki. Ni ban ji komai ba."

Ta ji daɗi har ranta. Washegari har kek ɗin tuffa ta gasa masa.

Ranar bayyana sakamako, ɓerayen jar fitila fararen ƙwayoyin jininsu sun ƙaru, na shuɗiya kuwa suna nan jiya-i-yau. Gogan naka Severin ya gyara tabarau, ko gezau, ya ce jar ita ce ta gaske. Aka shiga ƙwanƙwasa tebur ana yaba masa.

Ta tare shi a bakin matakala.

"Severin, jar ai fanko ce. Ni da kai mun sani."

"Au, kin sani? Sati biyar kina sarrafa ɓerayen da saninki, kika yi gum? In maganar ta fita, wa kike gani za a sallama, Malama Pichler?"

"Kai ka ce in yi shiru!"

"A rubuce?"

Ba korar ce ta fi ci mata rai ba, yardar da ta ba shi ce. To, a kore ta ɗin, amma sai kwamitin bincike ya ga fankon nan da idonsa. Ta sauka ɗakin ɓeraye da sauri, ta jawo aljihun tebur, ta ɗauko jar. Sai ta ji ta da nauyi. Ta murɗe murfin, ga batir, ga wayoyi, komai tsaf. Tef ɗin jikinta sabo ne fil. Ashe an musanya wa fitilun tef.