Makin Yatsana

…wai hannuna ne da laifi. Hannuna! Shekara talatin da biyar yana riƙe da alli, yau shi ne ba ya iya buɗe ƙofa? Ƙofar gidana. Awa biyu ranar Talata, rana a ka, ledar cefane tana yanka min yatsu, ina taɓa lambobin kan gilashin makullin nan: ɗaya, tara, takwas, huɗu. Shiru. Matar maƙwabci ta leƙo, "Malama, ko a kira yara?" A kira yara…

An kira kuwa. Babban ɗana ya zo da takalminsa mai ƙara, ya yanke hukunci tun daga bakin ƙofa: Mama ta fara mantuwa, ƙarshen wata a kwashe kayanta ta koma wajensa. Ɗakin da ke bayan kicin. Littattafaina fa? A kwali. Ni a kwali!

Ban manta lambar ba. Na faɗa, na rubuta, shafi biyu, kwafi uku: ɗaya nasa, ɗaya na 'yata Auta da ta ƙera makullin da hannunta, injiniya guda, ɗaya nawa. Buƙata ta farko, a yi bincike a gabana. Ta biyu, a janye kalmar mantuwa, a rubuce. Wanda ya yi zargi shi ke kawo hujja.

Ga shi yau Auta ta kwance bayan makullin, ta jona siririyar waya daga 'yar ƙwaƙwalwarsa zuwa kwamfuta a kan teburin da na yi shekaru ina duba jarrabawa. A fuskar kwamfutar wani koren layi yana rawa a ƙasa, biyar, shida, biyar. Hayaniya ce, in ji ta, ko ba wanda ya taɓa. Na san ta. Gunagunin aji kafin malama ta shigo. A sama kuma jan layi, miƙaƙƙe, bai san wasa ba: sittin. Sai koren ya tsallake jan, sannan makulli ya yarda mutum ne ya taɓa.

Ta sa yatsanta, ɗari da goma. Yayanta ya sa nasa, ɗari da biyu, yana murmushin ai-na-faɗa-muku. Yatsu masu maiƙo, yatsun da ba su taɓa goge allo ba.

Nawa. Kawo tabarau… arba'in da ɗaya.

Arba'in da ɗaya! Ba sifili ba! Ku duba, ku duba da kyau, ya tashi, ga shi ya yi tozo kamar na raƙumi! Abin yana jina. Tun ranar Talata yana jina, rainawa kawai yake yi. Alli ya shanye danshin fatar, ta bushe ta yi kanta, ga gilashi mai kauri da aka ɗora daga baya saboda ruwan sama, ba a kuma sake awo ba. Wa ya sake awo? Babu. An shirya jarrabawa da yatsun 'yan shekara talatin, aka ba tsohuwa ta zauna.

To yanzu aji ya dawo hannuna. Sau nawa ake so taɓawa ta ninka hayaniya? Sau biyar, in ji ta, murya ƙasa-ƙasa. Shida sau biyar? Kai nake tambaya, mai takalmi. Talatin. Arba'in da ɗaya ya wuce talatin ko bai wuce ba? Madalla. Ke kuma, sauko da jan layin nan zuwa talatin.

Kar ki ce min ruwa zai buɗe wa ɓarawo, gwadawa za mu yi. Kofi. Ɗigo ɗaya a kan gilashi… goma sha takwas. Ɗigo uku, ashirin da biyu. Bai kai ba. Goge. Sau ashirin zan taɓa, kai kuma riƙe biro ka rubuta, da rubutu mai kyau, ba tafiyar kaza ba.

Ɗaya, tara, takwas, huɗu. Ƙaras!

Ya buɗe! Wayyo daɗi. Ƙaras! Sake rufewa. Ƙaras! Ko ƙararrawar tashi ba ta taɓa yi min zaƙi haka ba. Goma sha bakwai… ashirin cikin ashirin. Ina matar maƙwabci? Ta leƙo yanzu mana! Dubi yadda ya sunkuyar da kai, shi da ya zo da hukunci a aljihu. Rubuta: Mama ba ta manta ba. "Manta" da n a tsakiya, ba m ba. Sa hannu. Kwanan wata. Kwalayen da ka aiko kuma ka tafi da abinka, a nan zan tsufa, a nan littattafaina za su tsufa.

Saura ke, Auta. Sittin, don me? Wa ya ce miki sittin?

Tana naɗe waya, ba ta ɗago ba.

"Na ga yana da tsauri, Mama. Amma ai ke kika ce in an ja layi ba a saukowa da shi don kowa."

…Aji biyar. Lissafi. Ta samu arba'in da tara, ana neman hamsin. Shugaban makaranta da kansa ya ce, Malama, maki ɗaya ne, ki duba mata. Na ce 'yata ce, shi ya sa ba zan duba ba. Jan biro. Ta maimaita shekara, ƙawayenta suka wuce, ta zauna a benci na baya, ta fi kowa tsawo… ba ta yi kuka ba. Na ɗauka ta fahimta. Ban tambaya ba. Na tambaya?

Takardar tana hannuna, tawada ba ta bushe ba. Na ci. Ai na ci.

Koren layin yana ta rawarsa, biyar, shida, biyar. Ta rufe kwamfutar a hankali.

Arba'in da tara… ashe shi ma ba sifili ba ne.