Malam Nomau da Jar Tuta

Akwai ciwon da ba ya zuwa da zazzaɓi: mutum ya kasa cewa a'a. Shi ke cin Malam Nomau mai tumatir, har cikin barci.

Mafarki ya yi daren jiya. Wai ga shi a tashar jirgin ƙasa, rana tsaka, inuwar kowa ta riga shi zuwa sayen tikiti. Shugabar tasha zabuwa ce mai tabarau. Ta ɗauke shi aiki, ta miƙa masa tuta biyu, ja da koriya.

"Layi biyu gare mu," in ji ta. "Jirgi ɗaya, layi ɗaya. In an cika, ɗaga ja, a jira."

Can bayan tasha jirgin kaya na tsaye da kwandunan tumatirinsa, rana na dafa su. Ya ɗaga koriya zai shigo da shi, sai wani tsohon jirgi ya yi gyaran murya.

"Yaro, na girmi ubanka."

"Ba komai, Baba, shigo."

Na biyu ya ce shi Alhaji ne, bara ya sauke farali. Ya shiga. Layi ya cika.

Na uku ya iso da rawani a kan bututun hayaƙi. Ashe surukin Nomau ne! Nomau ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya kawar da kai.

"Ina zan tsaya?" in ji surukin.

"Inda ka ga dama, Baba."

Surukin ya hau kan Alhaji ya zauna.

Labari ya bazu. Jirage suka yi ta hawa kan juna kamar kwanonin jere, fasinjan sama na sayen ƙosai da guga.

"Malam, ina jar tutar?" in ji zabuwa.

"Wani jirgi ya ara, zai share gumi."

Jirgin kaya ya leƙo. "Nomau, ni fa na fara ɗiga."

"Kai na gida ne, yi haƙuri."

Sai tashar da kanta ta naɗe dakalinta, ta ce kanta ya gaji da kaya, ko za ta ɗan je ganin gida?

"Ba komai," in ji Nomau.

Ta hau jirgin da ke can ƙololuwa, duk suka tafi. Ga shi tsaye a fili: ba tasha, ba aiki, ba takalmi, tumatir ya zama ruwa yana bin ƙafarsa.

Bugun ƙofa ya tashe shi. Maƙwabci ne, wai aron keke.

"Ba komai," ya ce, ido a rufe.

Da ƙafa ya je kasuwa.