Turmin Rahamatu

Shekarar da fara ta cinye gonar Kadi a Tarka, aminiyarta Rahamatu ta san ko yunwa za ta kashe Kadi, ba za ta karɓi sadaka ba. Sai kullum ta kai geronta gidan Kadi ta daka, wai turminta ya tsage. In ta gama ta bar rabi, ta ce rabon turmi ne.

Ran nan Kadi ta ce gobe za ta zo ta ga tsagar da idonta. Hankalin Rahamatu ya tashi, ta faɗa wa mijinta Gajere gaskiya. Ya dubi turmin, ko ƙwarzane babu. Ya yi murmushi, ya ɗauko gatari ya raba shi biyu.

"Ta zo ta gani," in ji shi. "Matata ba ta ƙarya."