Mahauta a Ɗakin Shawara

A shekarar 1966, wata makarantar sakandare ta maza da ke gefen unguwar Coal Camp a Enugu ta zaɓi Bahaushe shugaban ɗalibai. Sunansa Mijinyawa, ɗan Malam Gwadabe mahauci na unguwar Hausawa a Ogui. Ba don ya fi kowa ƙoƙari aka zaɓe shi ba. 'Yan ajin ƙarshe ne suka rabu biyu, 'yan Onitsha da 'yan Udi, kowane ɓangare ya rantse ba zai bi ɗan ɗaya ɓangaren ba. Ana cikin gardama aka waiga aka ga Mijinyawa a bayan aji yana ɓare gyaɗa. A Enugu aka haife shi, kuma ya fi iya zagi da harshen Ibo a kan Hausa, don haka babu wanda ya ƙi shi.

Matsalarsa guda ce. Duk ranar Litinin shugaban ɗalibai yakan hau dandamali a filin asambali ya karanta sanarwa, shi kuwa da zarar ya ga idanu sun yo kansa sai shaƙuwa ta kama shi. Zai ce wa firinsifal barka da safiya, kafin ya kai ga malamai sai a ji “hik”. 'Yan aji ɗaya har sun koyi amsa masa a tare.

A makarantar akwai malamin labarin ƙasa, Mista Ozoemena, wanda ya je kwas Ibadan ya dawo da sabon ra'ayi. A ganinsa yara suna da damuwa kamar manya, kuma suna bukatar ɗakin da za su zauna su faɗe ta ba tare da an ɗauko bulala ba. Firinsifal ya yarda, amma ba shi da ɗakin da zai bayar, sai ya sa aka raba ɗakin magani da labule. Can ciki aka ba Ozoemena tebur da benci. Gaba kuwa, inda ƙofa take, na nas ɗin makaranta ne, Madam Ugwueze.

Ita Madam Ugwueze ta daɗe da yanke hukuncin cewa duk wata damuwa a ciki take farawa. Tana da wata ƙatuwar kwalba ta farin maganin wankin ciki da babban cokali. Ko ciwon kai ya kawo yaro, ko faɗuwa jarrabawa, ko kewar gida, sai ya buɗe baki kafin ya wuce labule. Yaran farko da suka je neman shawara sun fara bayani ke nan suka miƙe suka nufi bayan gida da gudu. Daga nan labari ya bazu, babu wanda ya sake zuwa. Ozoemena ya zauna yana goge teburinsa yana kallon benci.

A watan Mayu aka yi rikici a garuruwan Arewa, labarai marasa daɗi suka fara isowa Enugu. Litinin ɗin da ta biyo baya Ozoemena ya ji shaƙuwar Mijinyawa da sabon kunne, ya ce a ransa wannan tsoro ne ya danne yaron. Da aka tashi tara ya leƙo ta taga ya yafito shi.

“Kada ka bi ta ƙofa,” ya ce da Hausa. “Hauro ta nan.”

Mijinyawa ya haura, yana mamaki. Bai taɓa sanin malamin yana jin Hausa ba. Ashe a Kafanchan aka haife shi, ubansa direban jirgin ƙasa ne.

“Gaya mini abin da ke zuciyarka.”

“Babu komai, Sa.”

“Me kake gani a mafarki?”

Mijinyawa ya yi tunani. “Jiya na ga ina cin doya, Sa.”

Ozoemena ya jinjina kai kamar an faɗa masa babbar magana. Da ƙyar yaron ya fahimtar da shi cewa shaƙuwar ta girmi rikicin, idanun mutane ne kawai ba ya so. Malamin ya ɗan ji ba daɗi, amma bai karaya ba. Ya ce maganin abin shi ne sabo. Ya ce wa yaron ya nemi taron da ba zai yi masa dariya ba, ya riƙa gwada jawabi a gabansa har harshensa ya sake.

Taro ɗaya Mijinyawa ya sani mai irin wannan hali, wato shanun da ke jiran yanka a garken bayan mayanka. Ran Asabar da hantsi Malam Gwadabe ya zagaya duba wani bijimi, sai ya tarar da ɗansa tilo namiji, wanda aka samu bayan 'yan mata biyar, tsaye a kan turmi da hannu ɗaya a ƙirji, yana gargaɗin shanu da Turanci cewa duk wanda aka sake kamawa ya makara zai yi noman ciyawa.

Gwadabe ya juya. Ya koma gida ya gaya wa matarsa Delu. Delu ta ce aljanu ne, ta kunna turare. Da aka matsa wa yaron da tambaya ya ce malamin shawara ne ya sa shi.

Ran Litinin Gwadabe ya taso daga mayanka kai tsaye, wuƙarsa a kugu, ya zo makarantar ya tambayi ɗakin shawara. Madam Ugwueze ta dube shi daga sama har ƙasa, ta dubi wuƙar, ta ɗauko cokali.

“Papa, open mouth.”

Gwadabe mutum ne mai kiyaye al'adar gidan mutane. Ya san Ibo suna tarbar baƙo da goro, ya ɗauka wannan ma irin tasu ce ta 'yan boko. Ya yi bismilla ya shanye, fuskarsa ta yamutse, ya ce ya gode. Sannan ya ɗaga labule da niyyar faɗa.

“Sannu da zuwa, Baba,” in ji Ozoemena, ya miƙe ya rusuna. “Ina kwana? Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya kasuwa?”

Babu yadda za a yi dattijo ya fara faɗa ba a gama gaisuwa ba. Kafin su kai ga tambayar ruwan sama rabin fushin ya tafi.

“Malam, kai ka ce ɗana ya yi wa shanu wa'azi?”

“Ban ambaci shanu ba, Baba. Amma ba su yi masa dariya ba, ko?”

“Ɗaya ya yi kashi.”

Ozoemena ya yi bayani, Gwadabe ya saurara yana shafa gemu. Can malamin ya lura da idanun tsohon sun yi ja, ya ce, “Baba, kai kana samun barci kuwa?”

Tun da aka fara wannan tashin hankali babu wanda ya yi wa Gwadabe irin tambayar. Sai magana ta ɓalle. Ya ce tun yana saurayi ya zo Enugu a bayan shanu, a nan ya binne uwarsa, Kano kuwa in ya je yanzu ko hanyar unguwarsu ba zai gane ba. Ya ce matan da suka shekara da shekaru suna sayen nama a wurinsa yanzu sukan karɓa ba su dube shi ba. Bai san ko ya tafi ko ya zauna ba, kuma ba zai faɗi haka a gaban Delu ba. Yana cikin wannan sai cikinsa ya yi wata ƙara. Ya tsaya, ya dubi labule.

“Malam, ina makewayinku?”

Duk da haka ya dawo ran Alhamis, kuma ba shi kaɗai ba. Ya zo da abokinsa Kallamu mai tsire da Sarkin Fawa Nasidi. Sun yi shawara a hanya, suka kawo wa Madam Ugwueze hanta a ganye don ta yafe musu cokali. Ta karɓi hantar, ta yi godiya, ta ba su maganin. Kallamu ma cewa ya yi tun zuwansa Kudu bai ji cikinsa sakayau irin na ranar ba, har yakan nemi ƙari.

Nan da nan bencin ya cika da mahauta. Sukan zo bayan azahar su zauna su yi ta magana, Ozoemena yana cewa “To, sai me ka ji a ranka?” Sarkin Fawa ya ce wannan tambaya ta fi ta alƙali wuya. Firinsifal ya yi ƙorafi cewa ɗakin magani yana warin ƙuli-ƙuli da yaji, Ozoemena ya ce ai iyayen yara ne, alhali ɗaya ne kaɗai cikinsu yake da ɗa a makarantar. Ɗalibai kuwa da suka ga masu gemu suna layi, sai suka ce lallai akwai wani abu a bayan labulen nan. Suka fara zuwa, ta taga. Wani ubansa yana Zariya ba a ji ɗuriyarsa ba, wani yana fitsarin kwance tun da aka fara rikici. Mijinyawa ne ke tsara musu layi a gindin tagar, yana tura ƙanana gaba.

A ƙarshen Satumba abin ya ɓaci ƙwarai. Jiragen ƙasa suka riƙa shigowa daga Arewa cike da mutanen da suka tsere, wasu da raunuka. Ozoemena yakan je tasha kullum neman ƙaninsa da ke aiki a Jos. Ranar da mahauta suka yi zuwansu na ƙarshe, sun same shi zaune bai ko goge teburin ba. Gwadabe ya dube shi ya ce, “Malam, yau kai za ka zauna a benci.” Suka zaunar da shi, Kallamu ya hau kujerarsa, ya gyara murya ya ce, “To, sai me ka ji a ranka?” Ozoemena ya fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, su kuwa suka bar shi ya yi abinsa. Bayan 'yan kwanaki ƙanin ya iso a taragon kaya da karyayyen hannu. Wani maƙwabcinsa ne ya ɓoye shi a rumbu.

Sai aka ba da sanarwa cewa duk wanda ba ɗan Gabas ba ya koma yankinsu, don ba za a iya tabbatar da tsaronsa ba. Mijinyawa ya zo asambali ya miƙa mulki. Kafin ya buɗe baki 'yan Onitsha da 'yan Udi sun kaure da gardamar wanda zai gaje shi, har an fara cire takalma. Abin ya ba shi haushi. Shi zai bar garin da aka haife shi, su kuwa ga abin da ya dame su. Ya daka musu tsawa da Ibo, da muryar da bai san yana da ita ba, ya kira su da sunayen da firinsifal ya yi kamar bai ji ba. Fili ya yi tsit. Ya ce tunda ƙararrawar makaranta guntun ƙarfen dogo ce da sandar bugawa, ɗan Onitsha zai riƙe sandar, ɗan Udi zai riƙe agogo, duk ranar da suka ɓata kowa ya kwana a aji. Ya yi musu ban kwana, ya roƙi gafara. Yana saukowa daga dandamali shaƙuwar ta zo, guda ɗaya mai ƙarfi, amma ran nan babu wanda ya amsa.

Washegari Ozoemena ya zo Ogui da ɗalibai cikin kayan makaranta. Suka ɗauki kayan gidan Gwadabe a ka, suka sa iyalin a tsakiya, suka bi titi har tasha kamar masu zuwa wasan motsa jiki. Wasu samari a bakin hanya sun taso, Madam Ugwueze da ke gaba cikin farar rigarta ta kalle su, suka koma suka zauna. Delu ta ƙi barin tukunyar miyar da ta ɗora da safe, sabon mai riƙe da agogo ne ya ɗauko ta da tsumma har cikin tarago.

Sun isa Kano lafiya. Mijinyawa ya ƙarasa karatu a can, inda yara suka yi ta dariyar Hausarsa, daga baya ya zama malamin asibiti. Makarantar Coal Camp ta rufe da yaƙin basasa ya zo. Da aka gama yaƙin Gwadabe ya kasa zama, ya bi motar shanu ya koma Enugu. Ya tarar da wasu mutane a gidansa na Ogui, ya kama ɗaki a kusa da su. Ya kuma sami Ozoemena da rai, ya rame har wuyan rigarsa yana lilo, yana koyar da yara a gindin mangwaro. Gwadabe ya tsaya ya ƙare masa kallo, ya ce gobe zai aiko masa da ƙafar saniya, kuma kada ya kuskura ya raba wa ɗalibai.